Ban iya kodin ba, wace manhaja zan koya don gina wa mutane shafin intanet?

"Assalamu alaikum. Malam, ina da ƙaramin shagon zane da buga takardu a Zariya. Ina yin katin biki, kalanda, allon talla da tambari da CorelDRAW. Kwanan nan mutum biyu cikin masu kawo mini aiki suka ce in yi musu shafin intanet. Ɗaya mai makarantar kuɗi ne, ɗayar kuma wata hajiya ce mai sayar da atamfa da leshi. Ni kuwa ban taɓa koyon kodin ba. Da na bincika sai na ga sunaye barkatai, WordPress, Wix, Joomla, Drupal, Shopify, Blogger, kowa na cewa nasa ya fi. Wanne zan kama in koya, kuma anya zai yiwu ba tare da kodin ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka.

In na fahimce ka daidai, abu biyu kake son sani: ko wanda bai iya kodin ba zai iya gina shafin da za a biya shi kuɗi a kansa, sannan cikin waɗannan sunaye wanne ya cancanci ka zuba masa lokacinka. Na farko, ƙwarai kuwa zai yiwu, kuma da yawa daga shafukan makarantu, ƙungiyoyi da ƙananan jaridun da kake gani haka aka gina su. Na biyu, ka koyi WordPress, irin wanda ake ɗorawa a kan hostin, wato wurin ajiye shafi a intanet, da mutum ya biya da kansa. Sai dai ba na so ka karɓi wannan don kawai na faɗa. In ba ka san dalili ba, ranar da wani ya buɗe maka Wix ya ja hoto ya ajiye inda ya ga dama cikin minti biyu, za ka ce na ɗora maka wahala a banza. Kuma ba lallai ne abin da ya dace da mai makaranta ya dace da hajiya ba.

Mene ne aikin CMS tukuna

A da, kowane shafi da hannu ake rubuta shi da HTML, harshen kodin na shafukan intanet. In makaranta za ta canza ranar komawa hutu, sai an nemo wanda ya rubuta shafin, ya buɗe fayil, ya gyara, ya sake tura shi kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet. CMS, wato irin manhajojin nan da ka lissafa na gina shafi da sarrafa abin da ke cikinsa, ta raba aikin gida biyu. Rubutu da bayanai suna zaune a rumbun bayanai, kamannin shafi kuma, wato launi da tsarin jeri da salon harafi, suna cikin abin da ake kira jigo. Saboda haka sakatariyar makaranta za ta iya shiga da kalmar sirrinta, ta rubuta sanarwa kamar mai rubutu a Word, ta danna maɓallin wallafawa, sanarwar ta fito cikin tsarin da ka zana ba tare da ta ɓata komai ba. Wannan shi ne amfanin abin. Kuma daga nan za ka gane cewa zaɓin bai tsaya ga wanda ya fi maka sauƙin zane ba. Ya haɗa da wanda zai riƙa sa rubutu bayan ka miƙa aiki, da wanda zai biya kuɗin sabuntawa baɗi, da abin da zai faru in mai shafin ya so ɗauke kayansa ya koma wani wuri.

Sunayen da ka lissafa, har da Squarespace da ba ka ambata ba, kashi biyu suke. Wix, Squarespace, Shopify da Blogger kamfani ne ke riƙe da komai, manhajar da sabar duka nasa ne, kai dai ka yi rajista ka shiga ka fara. WordPress, Joomla da Drupal kuma manhajoji ne na kyauta waɗanda kowa ke da damar saukewa, amma kai za ka nemo musu wurin zama, wato hostin, ka kuma kula da su. Na farkon kamar kama shago ne a filaza: an sa wuta, akwai maigadi, amma ba ka da ikon fasa bango, kuma in mai filaza ya ƙara haya sai ka biya ko ka fita. Na biyun filinka ne, ginin da gadin duk a wuyanka.

Me ya sa ban ce ka fara da Wix ba

Gaskiya Wix zai fi kwanta maka a rai a ranar farko. Kamfanin ya fara ne a 2006, kuma tun asali an gina shi ne don mutum irinka, mai ido a kan zane. Yadda kake jan akwatin rubutu a CorelDRAW haka za ka ja shi a can. Ba ruwanka da sabunta manhaja, ba ruwanka da tsaron saba. Squarespace ma haka, zanensa a tsabtace yake. In da abokin cinikinka a Landan yake zaune yana karɓar albashi da fam, ba zan hana ka ba.

Matsalar farko kuɗi ce. Da kuɗin waje ake biyan waɗannan kamfanoni, wata-wata ko shekara-shekara. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya yi wa mutum shafi a farkon 2023 ya ce masa ga abin da zai riƙa biya duk shekara, da shekara ta zagayo kuɗin ya ninka har sau uku, alhali kamfanin bai ƙara ko sisi ba. Ga kuma batun kati: a 2022 bankunan Najeriya da dama sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai a 2025 wasu suka dawo da shi, shi ma da iyaka. A tsakanin nan mutane sun sha wuya wajen sabunta rajista. Hostin da domen kuwa, wato sunan adireshin shafi, akwai kamfanonin cikin gida da ke karɓar naira ta taransfa. Su ma farashinsu na motsawa in dala ta motsa, amma mai makaranta zai iya biya da kansa daga wayarsa ba tare da ya nemi mai katin dala ba.

Matsala ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina. Shafin da aka gina a Wix ba ya ɗaukuwa zuwa wani hostin. In bayan shekara uku makarantar ta bunƙasa tana son abin da Wix ba ya yi, sai dai a kwashe rubutu da hotuna a sake gini daga tushe. Kada kuma ka ɗauka girman kamfani yana nufin abin zai dawwama. Google yana da tsarin da yake ba masu ƙananan sana'o'i shafi kyauta mai adireshin da ke ƙarewa da business.site, a watan Maris na 2024 ya rufe shi baki ɗaya. Waɗanda suka buga wannan adireshi a katinsu da allon shagonsu ba su yi laifin komai ba, mai wurin ne ya ce a tashi. Shi kuwa tsarin kyauta na Wix, yana sa tallarsa a saman shafi kuma adireshin na ɗauke da sunan kamfanin, bai dace ka karɓi kuɗin mutum ka miƙa masa irin wannan ba.

Blogger, wanda Google ya saya a 2003, yana da wurinsa. Malamin da ke son ajiye darussansa ko marubucin da ke son wallafa ra'ayinsa ba tare da kashe ko kwabo ba, Blogger ya ishe shi, har ma zai iya haɗa shi da domen nasa. Amma an yi shi ne don jerin rubuce-rubuce, ba don makaranta mai sassa da fom ɗin neman shiga ba.

Joomla da Drupal

Duka biyun manhajoji ne masu inganci, ba na raina su. Joomla ta fito a 2005, kuma tana da abu biyu a cikinta tun daga akwati waɗanda a WordPress sai an ƙara: shafi mai harsuna da yawa, da tsarin raba izini dalla-dalla, wane ya ga wannan sashe, wane ya gyara wancan. Drupal ta girme ta, Dries Buytaert ɗan ƙasar Beljiyam ne ya fito da ita a 2001, kuma manyan jami'o'i da hukumomin gwamnati a ƙasashe da yawa suna amfani da ita saboda ƙarfinta wajen tsara bayanai masu sarƙaƙiya. A Janairun 2025 ma sun fitar da wani nau'i mai suna Drupal CMS don sauƙaƙa wa waɗanda ba masu kodin ba. Duk da haka, kula da Drupal yadda ya kamata yakan kai mutum ga buga umarni a baƙin allo, kuma in ka maƙale da ƙarfe goman dare, samun wanda zai cire ka a Zariya ko Kaduna zai fi wuya. Ba nan mai farawa zai fara ba.

Dalilin WordPress

Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fara shi a 2003 a matsayin manhajar rubutun bulog, yau kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya a kansa suke. Wannan yawa ba abin alfahari ba ne kawai, yana da amfani kai tsaye a gare ka. Duk matsalar da za ka ci karo da ita wani ya riga ya ci karo da ita, ya rubuta maganinta ko ya yi bidiyo a YouTube. Kusan kowane kamfanin hostin yana da hanyar girka shi da 'yan dannawa: ka shiga cPanel, wato allon sarrafa hostin, ka buɗe manhajar girkawa mai suna Softaculous, ka zaɓi WordPress, ka rubuta sunan shafi da kalmar sirri, kafin shayinka ya huce an gama. Kamfanonin karɓar kuɗi na gida, Paystack da Flutterwave, suna da fulogin ɗinsu na haɗawa da shi. Fulogin ƙaramar manhaja ce da ake ƙara wa WordPress don ya yi wani aiki na musamman, kamar fom ko kanti. Abin da ya fi muhimmanci, ko ka bar sana'ar ko ka yi tafiya, mai makaranta zai samu wani da ya san WordPress ya ci gaba daga inda ka tsaya. Kuma shafin gaba ɗayansa, fayiloli da rumbun bayanai, ana iya naɗe shi a kai wani hostin cikin yini guda.

Akwai ruɗanin da ke kama kusan kowane mai farawa. WordPress.org shi ne inda manhajar kyauta take, ita nake nufi. WordPress.com kuma kasuwanci ne na kamfanin Automattic, yana cikin kashin masu ba da haya, da tsare-tsaren biyan kuɗi da iyakokinsu. In ka ga kanka kana rajista ana ba ka adireshi mai ƙarewa da wordpress.com, ka shiga ƙofar da ba ita ba.

To, WordPress ɗin ma yana da nasa ciwon kai, kuma gara ka ji daga bakina. Yawan masu amfani da shi ya sa masu kutse suka fi mai da hankali a kansa. Amma a shafukan da aka kawo mini gyara bayan an yi musu kutse, da wuya ka samu laifin daga ainihin manhajar ne. Ko dai fulogin ne da aka bari shekara biyu ba a sabunta ba, ko kalmar sirri mai sauƙin zato, ko kuma jigo na kuɗi da aka sauko da shi kyauta daga wani shafin banza ko zauren Telegram. Wannan na ƙarshen ina roƙonka da girman Allah ka nisance shi. Mutumin da ya fasa jigon dala sittin ya raba kyauta ba sadaka yake yi ba, sau da yawa ya dasa wata ɓoyayyar ƙofa a ciki. Wata rana iyayen yara za su buɗe shafin makaranta ya jefa su shafin caca ko abin da ya fi wannan muni, kuma sunanka ne zai ɓaci. Jigogin kyauta na halal suna nan a rumbun WordPress ɗin kansa: Astra, Kadence, GeneratePress, da waɗanda ke zuwa tare da manhajar. Sun wadatar da aikinka.

Haka fulogin. Akwai su dubun-dubata, kuma mai farawa yakan ga kowanne yana burge shi. Ƙa'idata ita ce kowane fulogin sai ya kare kansa kafin ya shiga: wane aiki zai yi, yaushe aka sabunta shi na ƙarshe, mutum nawa ke amfani da shi. Duk waɗannan a rubuce suke a shafinsa. Shafin makaranta na buƙatar na fom, na ajiyar kwafi irin UpdraftPlus, na tsaro irin Wordfence, na taimaka wa Google gano shafi irin Yoast ko Rank Math, da na ƙara sauri. Ya wuce haka, ka tambayi kanka sau biyu.

Da yake kai mai zane ne, na san fulogin Elementor zai ja ka, domin yana ba da irin 'yancin ja-da-ajiyewa na Wix a cikin WordPress. Yana aiki, mutane da yawa da shi suke cin abinci. Amma yana ƙara wa shafi nauyi, manyan kayan aikinsa na biyan dala ne duk shekara, kuma ranar da aka cire shi tsarin shafukan zai rushe ya bar rubutu tsirara. Tun Disambar 2018 WordPress ya zo da nasa editan na tubala, wanda ake kira Gutenberg, inda kowane sakin layi, hoto ko maɓalli tubali ne da ake jerawa. Ni da shi nake fara koyar da mutane. In ka ƙware a kansa sannan ka ga wani aiki ya fi ƙarfinsa, sai ka ɗauko Elementor da saninka.

Mai makaranta

Aikinsa na farko mai sauƙi ne: tarihin makaranta, sassan karatu, yadda ake neman shiga, labarai da sanarwa, hotuna, lambar waya da kwatance. WordPress zai yi wannan ba tare da ka rubuta layin kod ko ɗaya ba. Amma ina tabbatar maka, kafin zangon karatu ya ƙare zai dawo ya ce yana son iyaye su riƙa duba sakamakon jarabawa da lambar sirri, malamai su riƙa shigar da maki, a riƙa biyan kuɗin makaranta a ga wanda ya biya da wanda bai biya ba. A nan ne iyakarka take, kuma ka faɗa masa tun ranar farko. Wannan manhajar gudanar da makaranta ce, aiki ne daban da shafin sanarwa. Akwai fulogin da ke iƙirarin yin sa, amma tsarin makinmu na gwaji da jarabawa da matsayi a aji ba kasafai yake dacewa da su ba sai an taɓa kod, kuma kuskure a sakamakon ɗan mutane ba ƙaramar magana ba ce. Mafita ita ce makarantar ta ɗauki manhajar da aka gina don wannan aiki, kai kuma ka sa maɓalli a shafin da zai kai iyaye can, ko ka haɗa gwiwa da mai kodin ku raba aikin.

Ka kuma tuna bayanan yara amana ne. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma ta shafi duk wanda ke tattara sunaye, adireshi da lambobin mutane. Fom ɗin neman shiga kada ya tambayi abin da ba a buƙata, hoton yaro kuma kada ya hau shafi da cikakken sunansa ba da yardar iyayensa ba.

Hajiya mai atamfa

A nan zan ce ka dakata kafin ka gina komai. WordPress yana da WooCommerce, wanda ke mai da shafi kanti cikakke, da kwandon saye da lissafin kaya da biyan kuɗi ta Paystack ko Flutterwave. Zai yi. Tambayar ita ce, wa zai riƙa ciyar da shi? Kayan atamfa da leshi yau ga su gobe sun ƙare, sabon zane na shigowa kowane mako, farashi na canzawa. Kantin intanet da ke nuna kayan da suka ƙare wata biyu da suka wuce ya fi rashinsa illa. Ka zauna da ita ka tambaye ta yadda ciniki ke gudana yanzu. In amsar ita ce tana ɗora hoto a sitatus na WhatsApp da Instagram, mai so ya yi magana, a yi ciniki, ya tura kuɗi, a ba ɗan sahu ko a kai tasha, to mai yiwuwa abin da take buƙata shafi ne ƙarami mai kyau: sunan shago, irin kayan da take kawowa, adireshi, hotuna masu inganci, da babban maɓallin da zai buɗe hira da ita a WhatsApp. Sabbin kaya kuma su zauna a katalog na WhatsApp Business, wanda ita ko yarinyar shagonta za su iya sabuntawa daga waya. Paystack ma yana da ɗan kanti na kyauta da mai asusu zai iya buɗewa ba tare da hostin ba. In kuwa tana da mai kula da kaya a kwamfuta, kuma masu saye daga Legas ko Abuja ko ƙasashen waje sun yi yawa har amsa saƙo ya gagare ta, to lokacin WooCommerce ya yi.

Shopify kanti ne mai kyau ƙwarai, ya fi WooCommerce sauƙin kulawa. Amma kuɗin wata ne da dala, kuma tsarin karɓar kuɗinsa na kansa ba ya aiki a Najeriya, sai an haɗa da na wani kamfani, shi kuma Shopify yana cire ƙarin kaso a kan kowane ciniki saboda hakan. Ga mai ribar da ba ta taka kara ta karya ba a kan kowane turmi, lissafin da wuya ya fita.

Domen na mai shi ne

Wannan ya fi zaɓin CMS ɗin kansa muhimmanci, kuma nan ne na fi ganin ana cutar mutane, wani lokaci ba da niyya ba. Wata ƙungiya ta taɓa zuwa wurina shafinta ya ɓace. Da muka bincika, ashe wa'adin domen ne ya ƙare. Wanda ya gina musu shafin da imel ɗinsa da sunansa ya yi rajista, saƙonnin tunatarwa duk wurinsa suke zuwa, shi kuma ya bar gari, lambarsa ba ta shiga. Adireshin na jikin takardunsu na ofis, yana jikin allon ƙofa, yana cikin takardun da suka aika wa masu tallafa musu. Ba su da wata hujja da za su nuna wa kamfanin rajista cewa nasu ne. Haka suka haƙura suka sayi sabon suna, aka sake buga komai.

Saboda haka, domen da hostin ka yi rajistarsu da sunan mai shafin da imel ɗinsa, ko da kai ne za ka zauna ka cike fom ɗin. In ba shi da imel da yake dubawa, ka buɗe masa, ka sa lambar wayarsa. Wasu na ganin riƙe domen dabara ce ta ɗaure abokin ciniki. Ni ina ganin cin amana ne, kuma kyakkyawan aiki ya fi wannan ɗaure mutum. Sunaye masu ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, ana sayensu da naira ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Na .com.ng ya fi araha, akwai kuma .sch.ng da aka keɓe wa makarantu. Wajen zaɓen hostin, ka tabbata akwai takardar tsaro ta SSL kyauta, wadda yawanci daga wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt take zuwa, domin tun 2018 Chrome ke rubuta gargaɗin rashin tsaro a gefen adireshin shafin da ba shi da ita. Ka kuma duba farashin sabuntawa na shekara ta biyu, kada rangwamen shekarar farko ya ruɗe ka. Farashi na canzawa, don haka ka duba na ranar da za ka yi wa mutum lissafi.

Abubuwan da idon mai zanen takarda ke mantawa

A takarda kai ke yanke girman fili. A intanet wayar mai karatu ce ke yankewa, kuma mafi yawan waɗanda za su buɗe shafin nan da waya za su buɗe, wasu da data ƙalilan a wurin da sabis ke rawa. Hoton da ka saba fitarwa don bugawa, mai nauyin megabait biyar ko goma, zai kashe shafi. Ka rage faɗinsa, ka matse shi ya koma ƙasa da kilobait ɗari biyu ko uku, in da hali ka mai da shi nau'in hoto mara nauyi mai suna WebP, wanda WordPress ke karɓa tun 2021. Kada ka rubuta sanarwa a cikin hoto kamar fosta, domin Google ba ya ɗaukarta a matsayin rubutun shafi, a ƙaramar waya kuma ba ta karantuwa. Duk shafin da ka gama, ka buɗe shi a waya mai araha, ka kashe wayfay, ka ga yadda yake buɗewa.

In za a yi rubutu da Hausa, ka gwada salon harafin kafin ka zaɓe shi. Ka rubuta ɓ, ɗ, ƙ da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ a kanun labari ka duba da kyau. Salo da yawa masu kyau ba su da waɗannan haruffa, sai burauza ta aro su daga wani salon, ka ga kalma kamar "ƙarshe" harafinta na farko ya fi sauran siranta ko ya ɗan karkace. Noto Sans da Andika suna da su cikakku. A adireshin kowane rubutu kuma, ka gyara da hannu ka sa b, d, k marasa lanƙwasa, in ba haka ba idan aka kwafa zuwa WhatsApp yakan fito da dogon jerin alamomin kaso da lambobi. In makarantar na son Hausa da Turanci, ko har da Larabci, fulogin Polylang na yin wannan, kuma WordPress na iya rubutun dama zuwa hagu in jigon ya goyi baya.

Ta ina za ka fara

Kada ka fara koyo a kan aikin mutane. Akwai manhaja kyauta mai suna Local da ke girka WordPress a cikin kwamfutarka, ka yi ta gwaji ba data ba hostin, ka lalata ka sake. Shafin farko da za ka ɗora a intanet ya zama na shagonka, shi ne kuma zai zama abin nunawa. Ka koyi bambancin shafi tsayayye da rubutun labarai, yadda ake jera menu, yadda ake ɗaukar kwafin ajiya, da yadda ake maido da shi, domin kwafin da ba a taɓa gwada maidowa ba ba a san ko yana aiki ba. Bayan nan, ko da ba ka da niyyar zama mai kodin, ka ba HTML da CSS, harshen da ke tsara kamannin shafi, 'yan makonni. Ba su da wuya ga mai hankalin zane, kuma ranar da wani maɓalli ya ƙi zama inda kake so, layi biyu na CSS za su raba gardama.

Wajen ciniki, ka raba kuɗi uku a rubuce: kuɗin gini na sau ɗaya, kuɗin domen da hostin na kowace shekara, da kuɗin kulawa in suna so ka riƙa sabuntawa da ɗaukar kwafi. Mutane da yawa suna zaton shafi kamar allon talla ne, an biya an kafa shi ke nan, gara su san gaskiya kafin a fara. Ranar miƙa aiki, ka buɗe wa sakatariya asusu mai matsayin edita, wanda zai bar ta ta wallafa ta gyara rubutu amma ba zai bar ta ta taɓa jigo ko fulogin ba. Asusun admin kuma, da bayanan shiga hostin da na domen da ranar da wa'adin kowanne zai ƙare, ka buga su a takarda ɗaya ka damƙa wa mai makarantar hannu da hannu, ka kuma sa masa ƙararrawar tunatarwa a wayarsa wata guda kafin ranar.